Matuƙi mai awa 3,000 a hana shi tashi don kwanan wata ya wuce, adalci ne?

Abban Husna: Salam jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai game da matuƙan helikwafta na sojan ruwa, musamman na Amurka tunda su yawancin dokokinsu a fili suke kowa na iya karantawa. Wai mutum ya shekara goma sha yana tuƙi, awa dubu uku a sama, amma in ya kwana biyu bai sauka kan jirgin ruwa da dare ba sai a ce wa'adinsa ya ƙare, ba zai ɗauki aikin ba sai wani wanda wataƙila ma ƙaninsa ne a aiki ya zauna gefensa sun yi ta sauka suna tashi kafin a sake sa masa hannu. Don Allah wannan ba raini bane? Tuƙi ana mantawa ne?

Ɗan Baba: Aikin takarda ne kawai Abban Husna. Duk inda ka ga soja za ka ga fom, in wani abu ya faru oga ya ɗago takarda ya ce ni dai ga sa hannu, ba ruwana. Shikenan.

Sadiq matuƙi: Wa'alaikumussalam. Ni na farar hula nake tuƙawa ba na soja ba, amma irin wannan doka muma tana kanmu, kuma wlh ba raini a ciki. A dokar farar hula ta Amurka in ba ka tashi ka sauka sau uku ba cikin kwana 90 da suka wuce ba ka isa ka ɗauki fasinja ba, ko kai ne ka koya wa mai kamfanin tuƙi. Na dare ma lissafinsa daban. Toh balle wanda zai sauka kan abin da ke tafiya yana tangaɗi a tsakiyar teku.

Su sojan ruwan Amurka tsarin nasu hawa-hawa ne. A sama akwai babban littafi na kowa da kowa, CNAF M-3710.7, da can OPNAVINST 3710.7 ake ce masa. Ƙarƙashinsa kowane irin jirgi da nasa littafin NATOPS, wato littafin ƙa'idojin tuƙa shi, na helikwaftan MH-60R daban na MH-60S daban duk da ƴan gida ɗaya ne na kamfanin Sikorsky. Sai babbar rundunar da ke riƙe da sikwadiron-sikwadiron, wato rukunonin matuƙa da jiragensu, ta rubuta nata ƙa'idojin aiki, sannan kwamandan kowace sikwadiron ya rubuta nasa. Na ƙasa yana iya tsanantawa fiye da na sama amma ba shi da ikon sassautawa. Babban littafi ya ce kaza, kwamanda ya duba yaransa ya ga sababbi sun yi yawa sai ya ƙara ɗaurewa, wannan halas ne, amma ya rage ko da kaɗan to ya karya doka.

Maman Iman: Malam Sadiq to menene ainihin adadin? kowa sai cewa yake wa'adi wa'adi

Sadiq matuƙi: Hajiya mafi ƙanƙanta a babban littafin shine awa 100 a shekara, kuma ba a yarda ka tara su a wata biyu ba, sai ka yi aƙalla 40 a kowane wata shida. Cikinsu awa 12 na dare, awa 12 na tuƙi da na'urori kawai wato ba ka kallon waje sai allon gabanka, su ma shida-shida ake rabawa. Bayan haka duk shekara akwai jarrabawar NATOPS, ta farko da littafi a buɗe, ta biyu a rufe, sai ta baki, sannan mai jarrabawa ya hau tare da kai ya riƙa jefo maka matsala, inji ɗaya ya mutu, hayidirolik ya tafi, ya ga me hannunka zai yi. A ta buɗe sai ka ci 3.5 cikin 4, ta rufe 3.3. Takardar tuƙi da na'urori ita ma duk shekara ake sabuntawa. Sauka kan jirgin ruwa kuma lissafinsa daban, na rana daban na dare daban, na tabaran ganin dare daban, kuma na dare shi ya fi saurin ƙarewa.

Ɗan Baba: Ka gani ko, awa 100 a shekara, awa biyu a sati kenan. Wa zai zama gwani da awa biyu a sati? Ai wannan ma ya nuna maka ba don ƙwarewa aka sa ba.

Injiniya Rabi'u: Ɗan Baba a nan kam ka taɓo gaskiya amma ka ɗauke ta ta wutsiya. Ba wanda ya ce awa 100 tana maida mutum gwani. Layi ne aka ja a ƙasa, wanda ya faɗo ƙarƙashinsa kada ma a yi musu a kansa. Amfanin lamba shine ba ta jin kunyar kowa. Ka ɗauka kai ƙaramin hafsa ne da aka ba ka rubuta jadawalin tashi na gobe, kwamandanka da kansa ya ce saka ni a na dare, kai kuma ka san rabonsa da dare an jima saboda taro da aikin ofis sun cinye shi. Da wane baki za ka ce masa yallabai ina ganin hannunka ya yi sanyi? Ba za ka iya ba. Amma kana iya cewa yallabai kwamfuta ta nuna wa'adinka ya ƙare shekaranjiya, sai dai a haɗa ka da malami. Ba faɗa ba gaba, shi ma bai ji kunya ba.

Kuma fa manyan su suka fi faɗawa wannan ramin, don yaro sabon zuwa kullum yana sama, babba kuwa yana kan tebur.

Shamsu: wato oga ne ke zama ɗan koyo 😂 ina ma a kawo wannan tsarin ofisoshi

Malam Garba: Ku yara ba ku san daga inda abin ya taso ba. A shekarun 1950 akwai shekara guda da sojan ruwan Amurka da na Marin, ƴan uwansu masu kai yaƙi daga teku zuwa tudu, suka yi asarar jirage 776 a haɗari, ba harbo su aka yi ba, sama da biyu kowace rana. Lokacin kowace sikwadiron da irin tuƙinta, abin da tsohon hannu ya koya maka shine doka, in aka canza maka wuri sai ka tarar da wata al'ada daban. A 1959 suka daidaita tsarin gyaran jirage, a 1961 aka kawo NATOPS aka ce kowa littafi ɗaya. Su kansu matuƙan cewa suke littafin da jini aka rubuta shi, don kusan duk gargaɗin da ka gani ciki akwai wanda ya rasa ransa ko jirginsa kafin a rubuta. Tuƙin nan kamar hadda ne Abban Husna, wanda ya bar tilawa ba harafin yake mantawa ba, santsin bakin ne ke tafiya, sai ya zo tsakiyar aya ya tsaya yana lalube. A tabarma sai a ja maka baki ka wuce. Can kuwa daƙiƙa biyu na lalube sun isa.

Abban Husna: Baba Garba na ji wannan. Amma har yanzu me ya sa daren ne ake ta tsanantawa? Ba suna da tabaran nan da ke maida dare rana ba?

Sadiq matuƙi: Ba ya maida dare rana ɗan'uwa, a fim ne kawai. Tabaran abin da yake nuna maka faɗin digiri 40 ne, alhali idonka da rana yana kwasar kusan rabin da'ira har da ɗoriya. Naɗe takarda biyu ka ɗora a idanunka ka zaga ɗaki za ka gane. Dole kanka ya yi ta juyawa hagu dama ba tsayawa, ga nauyinsa a gaban hula yana jan wuya, ga shi ba ka gane nisa sosai, kuma haske yake ƙarawa ba ƙirƙira ba, daren da ba wata ga hadari sai ka ga hoton yana yashi-yashi.

Yanzu ka sa kanka a kujerar. Jirgin da za ka sauka a kansa distiroya ne, wato matsakaicin jirgin ruwan yaƙi, ba katafaren mai ɗaukar jirage ba, filin saukar ɗaya tal a can baya, gabanka bangon garejin helikwaftan, farfelarka faɗinta mita 16, jirginka ya kai tan goma. Teku baƙi sama baƙi ba ka ganin inda suka rabu. Abin da kawai idonka zai kama shine fitilun jirgin ruwan, su kuma suna hawa suna sauka suna karkata, sai ƙwaƙwalwarka ta ce ai su ne a tsaye kai ne ke karkata, hannu ya fara bin dandalin yana gyara abin da bai ɓaci ba. Cikin kunnenka ma ƙarya yake maka, kana kwance ta gefe yana ce maka daidai kake. Shi ya sa suka sa wata doguwar sandar fitila a saman garejin da ke tsayawa daidai da shimfiɗar duniya duk yadda jirgin ya karkata, da wata fitila mai kala uku, kore ka yi sama da yawa, ja ka yi ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakani. Kana zuwa ka tsaya a iska saman dandalin kana tafiya da gudun jirgin, ka jira ɗan lokacin da ya lafa tsakanin igiya da igiya sannan ka ajiye. Wannan jiran, gane cewa yanzu ne, ba a littafi yake zaune ba a jiki yake, kuma shi ne farkon abin da ke gudu in ka daɗe ba ka yi ba.

Maman Iman: subhanallah. To in ya sauka jirgin ruwan ya karkata ba zai zame ya faɗa ruwa ba?

Injiniya Rabi'u: Shi ya sa akwai abin kamawa. Ƴan Kanada ne suka fara a shekarun 1960 da wani tarko da suka sa wa suna Beartrap don su iya ajiye helikwaftan Sea King kan ƙananan jirage, waya ake haɗawa daga jirgin ruwan ta jawo helikwaftan ƙasa sai tarko ya damƙe wani ƙarfe da ke cikinsa. Amurkawa nasu RAST suke ce masa. Ƴan Ingila kuma Wildcat ɗinsu wani mashi yake sokawa cikin raga ta ƙarfe da ke dandalin. Bayan haka yara su ruga su sa waigi a taya su ɗaure da sarƙa. Kuma su yaran nan da mai yi wa matuƙi alama da hannu da hafsan da ke hasumiya duk suna da nasu wa'adin, ba matuƙi kaɗai ba. Dandali ma kala uku gare shi, ja ba sauka ba tashi, ruwan ɗorawa ana kunna farfela ko kashewa, kore bismillah.

Ɗan Baba: Toh duk da wannan littattafan da fitilu ai har gobe faɗuwa suke. Ku faɗa min, wanda wa'adinsa bai ƙare ba ba ya haɗari?

Hafsat A.: Ina bin maganar tun ɗazu, kuma gsky ni a wannan gaɓar ina bayan Ɗan Baba ko da ba duka ba. Ku duba na Kanada na 29 ga Afrilu 2020, helikwaftan Cyclone da ya tashi daga jirgin ruwansu HMCS Fredericton ya faɗa teku kusa da Girka, mutum shida suka rasu. Da rana ne fa, suna dawowa jirginsu. Matuƙin ya yi kwana da hannunsa alhali kwamfutar tuƙi tana kunne, ashe manhajar tana ta tara wani lissafi a ɓoye, yana miƙewa sai ta danna hancin jirgin ƙasa, ya ja ya ja bai ɗago ba. Bincike ya nuna wannan halin na kwamfutar ba ya cikin littafin da aka ba su kuma ba a koya musu shi ba. To mutumin da ya haddace littafi tsaf me littafin ya yi masa a ranar? Haɗarin dogaro da takarda kenan, kana ganin duk akwatunan sun yi kore sai hankali ya kwanta.

Malam Garba: Ƴata ai wannan hujjarmu ce ba taku ba. Shafin da babu shi ne ya kashe su.

Hafsat A.: Baba shafin da babu kullum akwai shi, yau a cike wannan gobe wani ya ɓullo. Ga na 22 ga Satumba 2013 a Bahar Maliya, MH-60S ya riga ya sauka lafiya kan USS William P. Lawrence har an ɗaure shi da sarƙa, jirgin ruwan na zabga gudu ya juya, igiya ta haye dandalin ta daki farfelar tana juyawa, matuƙa biyu suka tafi. Su nasu aikin sun gama shi daidai. Sai bayan nan aka ƙara ƙa'idoji kan gudun jirgi da yanayin igiya lokacin da helikwafta ke kan dandali.

Sadiq matuƙi: Hafsat ba ki yi ƙarya ba, kuma littafin da kansa a shafukan farko ya faɗa cewa shi ba madadin hankali bane, in gaggawa ta zo da abin da ba a rubuta ba matuƙi na da damar kaucewa. Inda zan tsaya shine, wanda hannunsa ke da ɗumi ƙwaƙwalwarsa tana da sarari. In ainihin tuƙin bai cinye maka tunani ba kana da ragowar da za ka lura cewa wani abu ba daidai ba. Wanda ya yi sanyi kuwa duk hankalinsa na kan riƙe jirgin, ko ana kiransa a rediyo ba ya ji. Ban ce zai tsira daga kowane abu ba.

Abin da ni ya fi damuna ma ba wanda kuka faɗa bane. Lambar ƙasa tana komawa ita ce buri. Awar tashi kuɗi ce, mai, kayan gyara, awannin makanikai, in kasafi ya matse ko jirage rabi suna jiran sifiya sai a riƙa raba awa da cokali, kowa a ba shi daidai abin da zai hana sunansa yin ja a kwamfuta. Ƙarshen wa'adi na matsowa sai ka ga mutum yana zagaye filin jirgi na tudu a daren farin wata don ya cike awa shidansa. A takarda dare ne. Amma awa ɗaya a farin wata kan titin da ba ya motsi da awa ɗaya a baƙin dare bayan distiroya, a littafin lissafi duk awa ɗaya ce. A nan ne ƙa'idar sikwadiron ke da amfani, kwamanda mai hankali ba ya tsayawa a kore ko ja, yana duba wa zai haɗa da wa, kada a sa masu sanyin hannu biyu a jirgi ɗaya a daren da ba wata. Kafin kowane tashi ma akwai fom na auna haɗari, barcinka nawa, rabonka da irin wannan aikin yaushe, yanayi fa, in maki ya hau sai na sama ya sa hannu ko a fasa.

Shamsu: har barci ma ana tambaya?

Injiniya Rabi'u: Sosai ma. Awa 8 na barci ba katsewa cikin kowace awa 24 ake so, kada a wuce awa 18 ana kan aiki a jere, giya kuma an hana cikin awa 12 kafin zaman shirin tashi. Sama ma akwai iyaka ba ƙasa kaɗai ba, jirgi mai matuƙa biyu awa 12 a rana. Don wanda ya yi yawa shi ma haɗari ne kamar wanda ya yi kaɗan. A cikin jirgin ruwa kuwa samun barcin nan aiki ne, kai ka dawo da asuba kana neman kwanciya su kuma sun tashi ana ta sanarwa a lasifika ana buga ƙarfe.

Abban Husna: Wato shi mai awa 3,000 ɗin da sabon shiga duk ɗaya a wajensu?

Sadiq matuƙi: A'a ana ganin girmansa ta wani wajen. Yaro yana gama makaranta a Filorida sai ya je sikwadiron ta horo ya koyi ainihin jirgin da zai tuƙa, ya zo ya zama mataimaki, ba zai zama kwamandan jirgi mai sa hannu ya karɓi helikwafta ba sai yana da aƙalla awa 500, 150 daga ciki a helikwafta, kuma sai ya zauna gaban manya sun yi masa ruwan tambayoyi. Wannan tarin awa ne, ba ya gogewa. Shi babba in wa'adinsa ya ƙare galibi ɗan tashi kaɗan da malami ya dawo da shi, ba daga farko zai faro ba. Amma tarin awa yana ba ka sanin me ya kamata a yi, saurin hannun kuma na kwanan nan ne, abu biyu ne.

Akwai ma wanda ba ruwansa da tuƙi, horon fita daga jirgi a ƙarƙashin ruwa, su duk shekara huɗu suke maimaitawa, mu ma muna yin irinsa. Helikwafta nauyinsa a sama yake, inji da giyabos duk suna kan rufi, yana taɓa ruwa sai ya kife. Ana ɗaure ka a kujera cikin wani ƙaton gwangwani a jefa a kwarmin wanka a juya shi, ruwa ya cika maka hanci, kai a ƙasa ƙafa a sama, kuma dokar ita ce kada ka kwance bel sai motsi ya tsaya, hannu ɗaya na riƙe da bakin taga tun kafin ruwan ya rufe ka don in ka saki ba za ka ƙara sanin ina ne waje ba. Sannan a maimaita da baƙin tabarau ba ka ganin komai. Na ga ƙato mai awa dubbai ya kwance bel da wuri ya yi ta iyo zuwa cikin gwangwanin maimakon waje sai da masu nutso suka jawo shi.

Ɗan Baba: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, rabin abin don kare kai ne. Ku duba na Japan na Afrilu 2024, helikwafta SH-60K biyu suka yi karo da dare wajen atisayen farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, mutum takwas suka rasu. Ƙasar da ta fi kowa bin doka kenan.

Hafsat A.: Wannan kam ba zai taimake ka ba Ɗan Baba, binciken nasu cewa ya yi ba a sa ido yadda ya kamata ba kuma ba a raba musu tsayin da kowa zai bi ba. Wato ƙa'idar ce ba a riƙe ba.

Ɗan Baba: ko kuma an riƙe ta a takarda an sake ta a sama, abin da nake faɗa kenan tun farko

Maman Iman: Malam Sadiq tambaya ta ƙarshe, na'urar kwaikwayon tuƙi ba za ta iya maye duk wannan ba a huta da kashe kuɗi da kasada?

Sadiq matuƙi: Tana ɗaukar wani kaso Hajiya, musamman tuƙi da na'urori da matsalolin da ba za ka so ka gwada a jirgin gaske ba, kamar farfelar wutsiya ta daina aiki ko gobara a inji, a simuleta sai ka faɗi sau goma malami ya danna maɓalli a dawo. Amma wanda zai je sauka kan jirgin ruwa ana fara sa shi ya yi ta gwadawa a wani fili na tudu da aka zana masa siffar dandali da fitilunsa, sannan dole ya je ya taɓa ƙarfen gaske. Matsalar kuma samun jirgin ruwan, don shi ma yana da nasa jadawalin, sikwadiron uku na iya jiran dare ɗaya da distiroya ɗaya za ta ba su, in ranar teku ta yi hauka ko jirgi ya lalace a ƙasa shikenan an koma layi, wani wa'adinsa a kan layin nan zai ƙare.